Ranar da kwamfuta ta kusa tafiya da muryar Inna

Na san na yi alkawarin ci gaba da batun yaye a wannan makon, kuma na ga tambayoyin da kuka ajiye min a ƙarƙashin rubutun da ya gabata. Ku yi min uzuri. Wani abu ne ya same ni wata biyu da suka wuce, tun daga lokacin nake ta juya shi a raina, na ga gara in faɗa muku tun kafin ya sami wata a cikinku.

A shekarar ƙarshe ta rayuwar mahaifiyata, Allah ya jiƙanta da rahama, na ɗauki al'adar kunna naɗar murya a waya duk sanda na je wurinta na tarar tana jin hira. Labarin aurenta, yadda suka yi shekarar fari, sunayen kakanninmu ta wajen uwa, har da tatsuniyoyi biyu da ta yi wa babbar 'yata. Naɗi 14 ne duka. Da wayata ta cika, sai na yi abin da yawancinmu muke yi: na jona ta da laftof, na kwashe hotuna da muryoyin zuwa can, na goge na wayar don in sami wurin sababbi. A raina na adana su ke nan. Hotunan suna, na walimar saukar ƙanwata, takardun makarantata da na ɗauki hotonsu, duk suna can.

Laftof ɗin tsohuwa ce, ta hannu muka saya. Da ta fara nauyi, autanmu, wanda ya karanci kwamfuta, ya cire mata Windows ya sa mata Linux Mint. Ga wadda ba ta san shi ba, Linux babbar manhaja ce da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi, sai dai kyauta ce, kuma rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake ga duk mai son dubawa ko gyarawa. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, shi ya fara ta a 1991. Ubuntu da Linux Mint nau'o'inta ne da aka sauƙaƙa wa irinmu. Wayar Android da ke hannunki ma a kan Linux aka gina ta. Tun da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, alhali tsofaffin kwamfutoci da yawa ba sa ɗaukar Windows 11, ba mamaki ki ga ɗanki ko ƙanenki ya sa wa ta gidanku Linux. Ina jin daɗinta, ba na ɓoyewa. Amma ba ta hana ƙarfe tsufa.

Na dawo daga aikin dare, na yi wanka, na ce bari in tura wa yayata ɗaya daga cikin muryoyin kafin in kwanta. Batirin laftof ɗin ya daɗe da mutuwa, sai da wuta take aiki. Ina cikin buɗe folda aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita na kunna, maimakon hoton yarana da na saba gani sai baƙin allo da fararen rubutu. Abin da na iya tsinta a ciki kalmomi biyu ne, fsck da initramfs, da wani layi da manyan baƙaƙe da ke cewa a gyara da hannu. Na kashe na kunna sau huɗu. Wannan shi ne kuskurena na farko, zan dawo kansa.

Da yamma na kai ta wurin wani mai gyara. Ya kunna, ya kalli allon, ya ce, "Hajiya, ai wannan sai fomatin. Minti talatin na sa miki sabon Windows." Na ce kayan ciki fa? Ya ce, "Sai haƙuri." Ban ga laifinsa sosai ba, abin da ya saba da shi ke nan, kuma mutane da yawa abin da suke so kawai na'ura ta tashi. Na ɗauki abata na fito. A cikin adaidaita na kira auta ina hawaye. Ya ce, "Yaya, kar ki ƙara kunna ta. Ki rufe ki ajiye, gobe ina zuwa."

Kafin in faɗi abin da ya yi, sai na ɗan yi bayanin yadda cikin kwamfuta yake, domin rashin sanin wannan ne ya yaudare ni shekara da shekaru.

A cikin kowace kwamfuta akwai diski, wato faifan da komai ke zaune a kansa. Ana yanka shi kashi-kashi, kowane kashi ana ce masa fatishan. Ki ɗauka gida ne aka gina aka raba shi ɗakuna. Akwai ɗan ƙaramin zaure da kwamfuta ke bi ta tashi, akwai ɗakin da manhajar kanta ke zaune, wani lokaci akwai ɗaki na daban na kayan mai gida. A Windows su ne ake kira C da D. A Linux sunayen sukan zama sda1, sda2, sda3, ko kuma wani dogon suna da ke farawa da nvme idan diskin na zamani ne. A farkon diskin akwai ɗan rubutu da ke nuna inda kowane ɗaki ya fara da inda ya ƙare, kamar takardar fili. Idan wannan rubutun ya lalace, kayan suna nan amma kwamfuta ba ta san hanyar zuwa wurinsu ba.

Ni kuwa ina da fatishan biyu manya, kuma nakan kwafi muhimman abubuwa daga ɗaya zuwa ɗaya ina ganin na yi dabara. Sau nawa na ji mace ta ce, "Ai nawa suna D, ko C ta lalace ba ruwana." Gaskiya ne idan manhaja ce kawai ta rikice. Amma C da D duk a kan faifai ɗaya suke. Kin kwashe zannuwanki daga uwar ɗaka kin kai falo ne, rufin kuwa ɗaya ne. Idan diskin ya mutu, da su duka zai tafi.

Akwai kuma yaudara ta biyu da ta fi ba ni haushi, don ita har kwanciyar hankali ta ba ni. Linux Mint na zuwa da wata manhaja mai suna Timeshift, kuma nakan ga tana aiki lokaci zuwa lokaci. Na ɗauka hotunana take adanawa. Ashe aikinta shi ne ɗaukar hoton manhajar kwamfutar kanta, don idan an sabunta wani abu ya ɓaci a koma yadda ake jiya. A yadda take zuwa, ba ta taɓa hotuna da takardun mai kwamfuta. Kuma a nawa, a kan wannan diskin dai take ajiye abin da ta ɗauka.

Da auta ya zo, da filashi ya zo a aljihu da kuma diski na waje, irin wanda ake jonawa da igiya. A filashin akwai Linux da ke iya tashi ba tare da ta taɓa diskin cikin kwamfuta ba. Da ita ya tada laftof ɗin. Na zaci zai fara gyara nan take, sai na ga ya buɗe wata manhaja mai suna Disks, ya zaɓi diskin, ya shiga inda aka rubuta SMART. Ya juyo da allon ya ce, "Yaya, wannan fannin ku ne. Katin asibitinsa ke nan."

Haka ne kuwa. Kusan kowane diski yana riƙe da bayanin lafiyarsa da kansa: awa nawa ya yi yana aiki, zafinsa, sau nawa aka kunna shi, da kuma gurabe nawa ne a jikinsa suka lalace. Layuka biyu ya nuna min. Na farko, mai lamba 5, yana ƙirga guraben da suka mutu har diskin ya maye gurbinsu da na ajiya. Na biyu, mai lamba 197, yana ƙirga waɗanda ya kasa karantawa yana jiran ya ga abin da zai yi da su. A lafiyayyen diski duka biyun sifili ake so a gani. A nawa ba sifili ba ne. Ɗauke wutar ba ita ce cutar ba, ita dai ta fito da ita fili. Tsarin da Linux ta fi amfani da shi wajen jera fayiloli, ext4, yana da ɗan littafi da yake rubuta abin da zai yi kafin ya yi, kamar littafin miƙa aiki da muke bar wa juna a ɗakin marasa lafiya, saboda haka yawanci yakan farfaɗo da kansa bayan ɗaukewar wuta. Wannan karon wurin da zai karanta ne ya lalace.

Na zauna na yi shiru, don na san wannan labarin. Kullum muna faɗa wa mata cewa hawan jini ba ya sallama, ki zo a auna ki ko ba kya jin komai. Ga ni da na'urar awo a cikin kwamfutata shekara huɗu ban taɓa buɗe ta ba. Alamomi ma sun zo: folda takan daɗe kafin ta buɗe, wani bidiyon suna yakan tsaya a wuri ɗaya kullum. Na ce tsufa ne.

Sai dai kar ki ɗauki wannan awon a matsayin tabbaci. A 2007 ma'aikatan Google sun fitar da binciken da suka yi a kan diski fiye da 100,000 na kamfaninsu. Sun ga cewa diskin da ya fara nuna lalatattun gurabe ya fi saura saurin mutuwa nesa ba kusa ba. Amma sun kuma ga cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama a SMART ba kafin su tafi. Idan awon ya ce akwai matsala, ki yarda da shi. Idan ya ce lafiya lau, ki yi kwafinki duk da haka.

Abin da auta ya yi bayan nan shi ne zuciyar wannan rubutu. Bai gyara komai ba sai da ya kwafa. Ya yi amfani da wata manhaja mai suna ddrescue, wadda ke kwafe diski gaba ɗaya zuwa wani wuri, ta fara da sassan da ke karantuwa cikin sauƙi, ta tsallake masu wuya, sai daga baya ta dawo ta lallaɓa su. Ta kwana tana aiki, mun ja wuta daga janareton maƙwabta da na'urar riƙe wuta a tsakani. Na tambaye shi me ya sa ba za mu bi umarnin allon mu yi fsck ɗin kawai ba. Ya ce fsck gyara take yi ta hanyar yin rubutu a kan diskin, tana yanke abin da ta ga ya karkace don tsarin ya daidaita. A kan lafiyayyen diski wannan alheri ne. A kan wanda ke mutuwa, kowane juyi na iya zama na ƙarshe, kuma abin da ta yanke ba ya dawowa. Kunnawa da kashewar da na yi sau huɗu ma wahalar da shi na yi. Idan kuwa kika ji diski yana ƙara ƙas-ƙas-ƙas, ki kashe nan take, kar ki gwada komai.

Da kwafin ya kammala, a kansa ya yi gyaran, ya bar ainihin diskin yadda yake. Tambayoyi suka yi ta fitowa yana amsawa. Daga ƙarshe foldata ta buɗe. Wasu fayilolin sun rasa sunayensu, sun taru a wata folda da ake kira lost+found da lambobi a maimakon suna, muka yi ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Cikin muryoyi 14, guda 12 sun dawo lafiya. Ɗaya ta dawo rabi. Ɗaya ba ta dawo ba, kuma ita ce wadda Inna ke jero sunayen kakanni. Na kira ƙanwarta da ke raye, ta tuna wasu, wasu ta ce sai dai Yaya ce ta sani.

Yanzu ga yadda nake yi, kuma ba ya cin minti 20 a mako.

Na sayi diski na waje. Na sa manhajar Déjà Dup, wadda a Ubuntu za ki gan ta da sunan Backups, idan babu kuma ana saukar da ita kyauta daga rumbun manhajoji. Za ki nuna mata foldojin da kike so, ki nuna mata inda za ta ajiye, shi ke nan. Karon farko yana daɗewa, bayan nan abin da ya ƙaru ko ya canza kawai take ɗauka. Duk ranar Juma'a bayan na dawo aiki nake jonawa. Idan ta gama sai in cire diskin ta hanyar da ta dace, ba fizgewa ba, in sa shi a akwatin da takardun haihuwar yara suke. Kar ki bar shi a jone kullum. Wutar da ta zo da ƙarfi ta ƙona laftof za ta iya haɗawa da shi, ɓarawon da ya ɗauki jakar ma haka.

Masana suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi 3, a kan na'urori iri 2, kwafi 1 a wajen gida. Na wajen gidan nawa kashi biyu ne. Abubuwan da ba za a sake samun irinsu ba, muryoyin Inna da takardu da zaɓaɓɓun hotuna, na ɗora su a Google Drive, inda kowane asusu ke da 15GB kyauta, ko da yake Gmail da Google Photos ma daga ciki suke ci. Murya ba ta da nauyi, datar da ta ci ba ta kai ta kallon fim ɗaya ba. Sannan akwai wani kwafin a gidan yayata. Idan za ki tura wa 'yar uwa hoto ta WhatsApp don ajiya, ki tura shi a matsayin takarda, in ba haka ba za a matse shi ya rage kyau.

Akwai maganar da ta shafe mu mata musamman. A cikin kwamfutocinmu akwai hotunan da muka ɗauka a cikin ɗaki, ba mayafi, da na ƙawaye ranar kamu, waɗanda amana ce a hannunmu. Déjà Dup na ba da damar kulle ajiyar da kalmar sirri, kuma ina ba da shawarar a yi. Amma ki sani, idan kika manta kalmar babu wanda zai buɗe miki, ko wanda ya rubuta manhajar. Ki rubuta ta a takarda ki ajiye inda kike ajiye zinarenki, ki sanar da mutum ɗaya da kika yarda da shi. Idan kuma dole ta kai ki ga mai gyara, ki tafi da wani naki, a yi aikin a gabanku.

Game da filashi kuwa, ban yarda in mai da shi ma'ajiyata ta dindindin ba. Yana ɓata, yana shiga wanki a aljihu, kuma akwai na jabu a kasuwa da ke nuna 64GB alhali cikinsa bai kai haka ba. Zai karɓi kaya kamar gaske, ranar da kika zo buɗewa ki tarar da fanko. A Linux akwai ƙaramar manhaja mai suna f3 da ke cika filashi da bayanai ta sake karanta su don ta gano girmansa na gaskiya. Ki sa a gwada miki kafin ki ba shi amana. Kuma idan bidiyon biki ya ƙi shiga filashi alhali akwai wuri, yawanci tsarin FAT32 ne a kansa, wanda ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce 4GB. Tsarin exFAT ba shi da wannan matsalar, sai dai canzawar tana goge abin da ke ciki, don haka a kwashe tukuna.

Duba lafiyar diskin kuma sau ɗaya nake yi a wata, ranar da albashi ya shigo don kar in manta. In buɗe Disks, in zaɓi diskin a gefen hagu, in shiga SMART, in kalli layukan nan biyu, in kunna gajeren gwaji wanda ba ya wuce 'yan mintuna. Akwai dogon gwaji da kan ɗauki awanni, shi sai ranar da wuta ta zauna. A cikin manhajar dai, idan kika taɓa fatishan kika danna alamar saiti da ke ƙasansa, za ki ga inda ake duba tsarin fayiloli da inda ake gyara shi. Dubawa ba ta canza komai. Gyarawa tana canzawa, saboda haka ba na taɓa ta sai na tabbata ajiyata ta kwanan nan ce. Ba a kuma duba fatishan ana cikin amfani da shi, kamar yadda ba a gyaran gado mara lafiya na kwance a kai sai an san yadda za a juya shi. Wanda manhajar ke zaune a kansa sai an tada kwamfuta da filashi irin na auta. Ki sa a haɗa miki guda ki ajiye. Idan kwamfutarku na da Windows da Linux tare, fatishan ɗin Windows a bar wa Windows ta duba abinta.

Gargaɗi ɗaya: a wannan wurin da ake dubawa, nan ma ake fomatin, layukan suna kusa da juna. Ki karanta sau biyu kamar yadda muke karanta sunan allura kafin mu zuƙa, ki kuma tabbata diskin da kika zaɓa shi ne wanda kike nufi. Girmansa zai nuna miki. Kar ki yi wannan aikin da yaro a cinya.

Abu na ƙarshe da auta ya tilasta min, na kuma gode masa: ya ce in goge hoto ɗaya da gangan daga laftof, in dawo da shi daga ajiyar da hannuna yana kallo. Na yi, ya dawo. Ya ce in riƙa yin haka duk bayan 'yan watanni, don akwai masu shekara suna ajiya, ranar buƙata su tarar ba ta buɗuwa. Mun sa wa laftof ɗin sabon diski irin SSD, wanda ba shi da abin da ke juyawa a ciki, ya fi jure faɗuwa da jijjiga, ta kuma yi sauri kamar ba ita ba. Shi ma yana mutuwa, sau da yawa ba tare da ƙara ko gargaɗi ba, don haka Juma'ata tana nan.

Tsohon diskin yana cikin durowa, na naɗe shi a leda. Auta ya ce akwai kamfanonin da ke buɗe diski a ɗaki na musamman su ciro abin da ya rage, amma kuɗin ba na yanzu ba ne. Ban jefar ba.

Wadda ke da Linux a gida ta gwada buɗe Disks yau, ta rubuto min a ƙasa abin da ta gani a layi na 5 da na 197, zan duba tare da auta mu amsa. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan yaye, musamman tambayar da da yawanku suka yi game da yaron da ya ƙi kunu.